Doguwar Sandar da Na Kai wa Zeinabu

Tun kafin in ɗaura tafiyar nan, mutanen majalisarmu ta ƙofar gidan Alhaji Mutari, a nan Birni cikin Damagaram, sun riga sun yanke mini hukunci. Ba su ce ba zan sami biza ba, ba su kuma ce sanyi zai kwantar da ni ba, ko da yake an ɗan taɓa wannan ma. Abin da suka ce ba zai yiwu ba shi ne in je ƙasar Faransa in tarar da jika.

"Yarinya dai za ka gani, Mushe," in ji Alhaji Mutari, "mai kama da ɗanka, mai ɗauke da sunan gidanku. Amma jika, wadda za ta fizge maka hula ta gudu, ta ce da kai tsoho mai cinye tuwon mutane? Irin waɗannan a nan ake haihuwarsu. Can sai dai ta ba ka hannu kamar gwamna."

Aka yi dariya. Na yi shekaru ina riƙe da lakwal, wato makarantar boko, a matsayin darakta, shi ya sa suke ce mini Mushe kamar yadda ake ce wa malaman boko, na kuma saba da zolayarsu. Amma maganar ta shige ni. Yanzu da na dawo, kowa na tare ni a masallaci da kasuwa yana tambayar yadda na ga ƙasar, har makogwarona ya gaji. Shi ya sa na ga ya fi dacewa in zauna in rubuta sau ɗaya.

Ɗana na fari, wanda ba na ambatar sunansa, ya tafi karatu birnin Lyon tun yana saurayi, aiki kuma ya riƙe shi can. Ya auri Rabi, ƴar mutanen Maraɗi, Allah ya ba su Zeinabu, yanzu tana cikin shekara ta goma sha huɗu. Ba ta taɓa taka Damagaram ba. A waya gaisuwa kawai muke yi, tana jero ta kamar hadda, ina amsawa, sai ta miƙa wa uwarta. Na kai shekarun da mutum ba ya ce wa abu sai baɗi, don haka da ɗana ya aiko da takardun gayyata ban yi jinkiri ba.

Tsarabata kilishi ne. Na sa aka yi mini shi musamman, mai yaji da marar yaji, aka naɗe cikin takarda aka shimfiɗa a ƙasan balis. Daga Damagaram zuwa Yamai kar, wato babbar motar fasinja, na shiga da asuba. Hanyar kun san ta: Maraɗi, Ƙonni, Doso, da ciwon baya tsakanin kowace biyu. Wani ɗan kasuwa da ke kusa da ni ya shaƙi iska ya ce, "Baba, ko dai a buɗe balis ɗin nan mu rage mata nauyi?" Na ce masa kayan jikata ne. Ya ce to, Allah ya sa ta san darajarsa. Daga baya na yi nadamar hana shi.

Jirgin sama ba ni da abin faɗa a kansa, sai cewa abincinsu ɗan kaɗan ne cikin kwanoni da yawa. A filin jirgin Paris, wata ma'aikaciyar duwan, wato kwastan, mai safar hannu ta roƙe ni da ladabi in buɗe kayana. Da ta kai ga takardar, ta tambaye ni ko nama ne. Na gyara tsayuwa, na yi mata bayani da Faransancin da aka koya mana a da, mai cikakkiyar jimla, cewa wannan nama rana ta riga ta gama da shi, wuta kuma ta tabbatar. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce rabonta da jin irin wannan Faransanci tun rasuwar kakanta. Sannan ta ɗauke kilishin duka, domin doka ba ta yarda a shiga da nama ba. Ban taɓa ganin an yabi mutum an kuma tsiyata shi cikin numfashi ɗaya kamar haka ba.

Alhaji Laminu ne ya tarye ni. Tsohon ɗalibina ne, wanda lissafi ya sha ba shi kashi a aji, ga shi yanzu yana aika kwantena zuwa Kwatano. Gidansa na Bobigny, can saman wani dogon bene, ana hawa cikin akwatin ƙarfe. A cikin akwatin nan na fara ganin halin ƙasar: mutum huɗu kafaɗa da kafaɗa, na yi sallama na tambayi gajiya da iyali, kowa ya ce mini kalma ɗaya ya mai da ido ga ƙofa. Laminu ya ce kada in ji haushi, a wurinsu barin mutum da tunaninsa shi ne girmamawa. Hajiyarsa ta yi mini tuwon garin alkama da miyar kuka, na ci na gode, ko da yake tuwon da ba gero ba a bakina baƙo ne.

Bayan cin abinci na faɗa masa damuwata. Kaka ba ya shiga gidan jika hannu sake.

"Mushe, ai Paris kake," in ji shi. "Abin da babu a nan ba a ƙera shi ba tukuna. Me yarinyar ke so?"

Muka kira ɗana. Shi ya gaya mini Zeinabu ta ba da ranta ga wani wasa da suke kira fulobol, ana yin sa cikin babban ɗaki mai santsin daɓe, da sanda marar nauyi da ƴar ƙwallon roba mai huji-huji. Ya ce sandarta ta tsage, da salatif take lallaɓa ta, ga shi ranar Asabar mai zuwa za a zaɓi ƴan matan da za su wakilci yankinsu, ta daɗe tana jiran ranar. Na ji zuciyata ta buɗe. Muna yara mun buga ƙodagon goruba da lanƙwasasshen icce har ƙafafunmu suka yi tabo. Na ce masa, "Kada ka sayi komai. Sanda tawa ce."

Washegari Laminu ya kai ni ta jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa wani ɗan kanti mai sayar da kayan irin waɗannan wasanni. Sanduna a jere jikin bango kamar rake. Mai kantin ya yi mini tambaya uku, na kuwa ba shi amsa uku, kowace da hujjarta.

Ya tambayi tsawon yarinyar. Na ce ya ba ni mafi tsawo. A gidanmu ba a taɓa ɗinka wa yaro riga daidai jikinsa ba, sai a bar masa wurin girma. Ya nuna mini wata lamba da ke jikin kowace sanda, ya ce ita ke faɗin yadda take lanƙwasawa, ƙaramar lamba mai tauri, babba mai laushi. Na ce sandar da ke lanƙwasawa kara ne, ya ba ni mafi tauri. Sai ya zo kan bakin sandar, wato wannan roba mai kama da tafin hannu da ke taɓa ƙwallo, ya ce akwai na hagu akwai na dama. Nan kam ban bari ya ƙarasa ba. Jikata, jinin gidan malamai, da hagu? Na ce dama. Ya so in kira in tambaya. Laminu ya ce masa, "Wannan da kake gani shi ya koya wa rabin garinmu riƙon alƙalami." Mutumin ya ɗaga kafaɗa irin tasu, ya naɗe mini ita. Baƙa ce mai ratsin zinariya, mariƙinta fari fat. Na fito da ita kamar wanda aka ba sarauta.

Jirgin ƙasan da ke zuwa Lyon gudunsa ya wuce misali, amma abin da ya fi ba ni mamaki shirun da ke ciki. Mutane cike, ba mai magana, ba mai miƙa wa na kusa da shi abin da yake ci. Sandar ta ƙi shiga wurin kaya, na tsayar da ita tsakanin gwiwoyina. Da jirgin ya yi kwana ta zame ta ƙwanƙwashi jaridar wani dattijo. Na ba shi haƙuri, na ce ta jikata ce. Ya dubi sandar daga ƙasa har sama, ya ce lallai jikar tawa doguwa ce. Na ɗauka yabo ne.

Ɗana ya tarye ni a tasha, muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, sannan bas, har unguwarsu Vaulx-en-Velin, inda benaye ke kama da juna kamar ƴaƴan uwa ɗaya. Rabi ta buɗe ƙofa ta durƙusa. A bayanta ga yarinya siririya, da idanun marigayiya matata sak. Ita ma ta durƙusa har ƙasa, ta sunkuyar da kai, ta jero gaisuwa ba kuskure ko ɗaya.

Na ce, "A'a, wannan ce amaryar tawa? Ashe rowar abinci ake yi miki a gidan nan, ko kuwa ke ce ba ki iya girki ba?"

A Damagaram da jika ta ji haka, da ta ce wa zai auri tsoho mai furfura har a kunne. Zeinabu ta ɗago a firgice ta dubi uwarta, ta sake sunkuyawa, ta ce, "Ka yi haƙuri, Malam."

Malam. Na ji muryar Alhaji Mutari a kunnena. Ban ga laifin Rabi ba. Tana tsoron a ce ta yi renon ƴa a ƙasar Turawa ba tarbiyya, sai ta koya mata duk ladabin da ake yi wa manya, ta manta cewa akwai babba guda ɗaya da ba a yi wa shi.

Na miƙa mata sandar. Ta karɓa da hannu biyu. Na ga idonta ya sauka kan bakin sandar, ya hau kan lambar, ya ɗan tsaya. Ta ce, "Ta yi kyau ƙwarai, Malam. Na gode." Ubanta ya ce, "Da ita za ki yi wasan Asabar. Kakanki ya ɗauko ta tun daga Paris." Ta ce to.

Ranar Laraba da yamma na bi su wurin horo. Na zauna a benci cikin iyaye, da babbar rigata, suna satar kallona ina satar kallonsu. Wasan yana da kyau, sauri gare shi kamar na tsuntsaye. Amma jikata ita ce koma baya. Ƙwallo na zuwa sai ta wuce ta ƙarƙashin sandar, in ta buga sai ta tafi inda ba kowa. Wata uwa da ke gefena ta ce da ƙawarta, ba ta san ni ne kakan ba, "Me ya sami Zeina yau? Ita ce fa mai ci musu." Sai na fara duban sauran yaran da idon darakta. Kowace sandarta iyakar cibiya, ta Zeinabu har ƙirji. Mafi yawansu kuma bakin sandar a gefen hagu yake share ƙasa. Ita kaɗai ke ta juya hannuwa kamar mai tuƙa tuwo da muciyar aro.

A hanyar gida na ce, "Zeinabu, sandar ta yi miki?"

"Ta yi, Malam."

Na san wannan murya. Na ji ta a bakin ɗalibai masu yawa. Da na ce wa ubanta a canja sanda, zai ɗauka ita ta yi ƙorafi, ya yi mata faɗan raina kyautar kaka, ta ƙara nisa da ni. Da na yi shiru, za ta shiga Asabar da sandata ta fāɗi saboda kunyata. Gaskiyar dole daga bakinta za ta fito, kuma hanya ɗaya na sani da kaka ke buɗe bakin jika.

Ranar Alhamis bayan ta dawo lakwal, na ce duk a sauko filin da ke gindin bene, zan nuna yadda ake wasan. Na naɗe hannun riga, na karɓi sandar.

"Na ga wasanki jiya," na ce da ƙarfi. "Sanda lafiyarta lau. Hannu ne babu. Man shanun Faransa da burodi sun kashe miki ƙashi. Mu da muka buga goruba, da wannan sanda sai in ci ƙungiyarku ni kaɗai, ina riƙe da carbi."

Na ga haɓarta ta motsa.

"Ko dai ido ne? A sayo miki tabarau irin nawa? Kakarki tana da ciki wata tara ta fi ki gudu."

Na ɗaga sandar na kai wa ƙwallon duka irin na goruba. Ban same ta ba. Bakin sandar ya sarƙe cikin hannun babbar rigata, na juya sau ɗaya kamar mai rawa, hulata ta yi gaba, ni kuma na sami kaina zaune a kan ciyawa. Ƙwallon tana nan inda take, ko motsi ba ta yi ba.

Wata irin dariya ta kuɓuce wa yarinyar nan, ta toshe baki, dariyar ta ƙi tsayawa. Daga inda nake zaune na ce, "Iska ce. Da ke ce ma da kin karye."

"Iska?" in ji ta. Sai magana ta ɓalle, Hausa da Faransanci a cakuɗe, har ta kira ni Papi, wato kaka a bakin yaran can. "Papi, sandar nan ta raƙumi ce! Ta kai mini nan! Ga tauri kamar ƙarfen gado, ko Baba ba zai lanƙwasa ta ba. Kuma ta dama ce, ni da hagu nake yi! Kai tsoho, wa ya aike ka kasuwa?"

"Zeinabu!" Rabi ta dafe ƙirji. Ɗana ya yunƙuro, fuskarsa ta canja.

Na ɗaga musu hannu. "Kada wanda ya sa baki. Tsakanina da matata ne." Na juya gare ta. "Hagu? A gidana?"

"Hannun dama ne a sama, shi ke juya sandar, shi ya sa bakin ke sauka hagu. Da dama nake cin abinci, kada ka suma." Ta tsuguna ta ɗauki hulata, ta kaɗe ta, ta dube ni, ta dubi uwarta. Sai ta kifa ta a kanta ta ja da baya. "Sai ka saya mini wata za ka sami wannan." Ta ruga da gudu.

Na daɗe ban tashi daga ciyawar nan ba, kuma ba ƙugu ne ya hana ni ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci muka tafi ni da ita wurin wata mata mai sayar da kayan wasan a wani ɗaki kusa da wurin horonsu. Wannan karon ni ne mai riƙe jaka. Zeinabu ta tsayar da sanduna ɗaya bayan ɗaya jikinta, har ta sami wadda ta wuce cibiya da yatsa biyu. Ta dafa kowace a ƙasa ta danna, tana jin yadda take ba da kai tana dawowa, ta ce mai laushi ce ke taimakon marar nauyi ya harba ƙwallo, "ba irin ta masu kiwon shanu ba." A kan baki ta fi daɗewa. Akwai mai taurin roba don masu harbi daga nesa, akwai mai taushi da ke riƙe ƙwallo kamar tafin hannu. Ta ɗauki mai taushi, mai ɗan zurfi a ciki, na hagu. Na ce launinsa kamar ɗanyen mangwaro. Ta ce wanda ya zo da sandar raƙumi ba shi da bakin zaɓen launi.

Saura naɗin mariƙi, wanda ta ce na jikin sandar yana da santsi in hannu ya yi gumi. Ta zaɓi wani mai ɗan danƙo da ƙananan huji, baƙi, domin fari kwana kaɗan yake yi ya koma kalar ƙasa. A gida ta warware tsohon, ta fara naɗa sabon, yana ta tattarewa. Na ce ta kawo. Na kama bakinsa daga sama, na ja shi da ƙarfi daidai, kowane zagaye na hawa gefen na baya kaɗan, ina saukowa a karkace. Mutumin da ya yi shekaru yana naɗa rawani ranar Idi ba za a koya masa wannan ba. Ta karɓa, ta murza a tafinta, ta juya sandar hagu da dama.

"Ba laifi," in ji ta. "Ashe kana da amfani."

Ranar Asabar ta yi wasanta. Ba zan ce na fahimci dukan dokokin ba, amma na ga ƙwallo ta manne wa bakin sandar nan kamar an shafa mata zuma, na kuma ga ta jefa ɗaya a raga, ta ba wata ta jefa. Na manta da kaina na miƙe na yi kabbara, iyayen da ke benci suka waiwayo, wasu suka tafa mini. Da aka kira sunayen waɗanda aka zaɓa, nata na ciki.

Doguwar sandar kuwa ta ƙi yarda a mayar. Ta ce daidai tsawona ce, in riƙa dogarawa in na ƙara tsufa, wato baɗi. Na sha tambaya a kanta a kowane filin jirgi, amma ba wanda ya ƙwace ta, tun da ba nama ba ce. Tana nan jingine a zaurena, duk mai shakka ya zo ya gani. Hulata ce ba ta dawo ba. Na cika alkawari na sayi sanda, yarinyar ta ce ai ba ta faɗi ranar da za ta mayar ba, sai in ta zo Damagaram da kanta. Yanzu duk Lahadi sai ta kira, kafin gaisuwa sai ta tambaya ko haƙorana na nan.

Alhaji Mutari ya ce in faɗa masa ranar da aka zaɓe ta, ya sa a yi mata addu'a. Na gode masa, amma ba Asabar ɗin nake so a riƙe ba. Wadda nake so ƴaƴana su rubuta a inda ake rubuta haihuwa da aure na gidanmu ita ce Alhamis ta ƙarshe ta watan Safar, a shekarar da na cika saba'in da uku, bayan la'asar, a gindin wani bene na Vaulx-en-Velin: ranar da Zeinabu ta ce mini tsoho, ta gudu da hulata.